Hannu, Mixamo, Kyamarar Waya ko Rigar Ɗaukar Motsi: Wanne Zai Sa Jarumin Gem Ɗinka Ya Yi Tafiyar Mutane?

Duk wanda ya taɓa ƙera gem, ko da ɗan ƙarami ne, ya san inda gizo ke saƙar. Za ka iya yi wa jaruminka fuska mai kyau, ka sa masa fugu, ka daidaita hasken yamma a kafaɗarsa har hoton ya isa nunawa. Ranar da ka danna madanni ka ce ya taka zuwa bakin titi, ranar asiri ke tonuwa: ƙafa na zamewa a ƙasa, hannu na ratsa cinya, wuya a sandare. Yaran da ke cika gidajen gem na Nima da Mamobi ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ba, amma idonsu ya saba da FC da GTA da Tekken, kuma ba sa ɓoye ra'ayi. Abin da za ka ji shi ne, "Yaya, wannan ai ba tafiya yake ba, jan sa ake yi."

Ƙera gem a Accra ba sabon abu ba ne. Tun 2009 Eyram Tawia da Wesley Kirinya suka kafa kamfanin gem na Leti Arts. Abin da ya canza shi ne yanzu matashi mai laftof ɗaya a Madina ko Sabon Zango yana da hanyoyi har biyar na sa wa mutumin wasansa motsi, kuma kowace hanya tana da masu tallata ta a YouTube: yin motsin da hannu, ɗauko wanda aka riga aka yi, ɗaukar bidiyo da waya a bar manhaja ta fitar da motsin, sayen riga mai na'urori, ko shiga ɗakin kyamarori irin na manyan kamfanoni. Kafin a taɓa su, sai an san da me za a auna.

Abin da za a duba

Na farko, kuma wanda ya fi sauran, nauyi da taka ƙasa. Idan mutum ya aza ƙafa, ƙafar tana tsayawa a wurin har jiki ya wuce ta, ƙugu ya ɗan sauka, kafaɗa ta juya saɓanin ƙugun. Tafiyar mutum ta yau da kullum kusan mita 1.4 ce a daƙiƙa. To idan motsin da ka sa na wannan saurin ne, amma injin wasa yana tura jarumin mita 2 a daƙiƙa, dole ƙafa ta zame, ko da kuwa a ɗakin da ya fi kowanne tsada a duniya aka ɗauki motsin. Da yawa daga cikin abin da ake ɗora wa "rashin kayan aiki" wannan ɗan lissafin ne kawai ba a daidaita ba.

Na biyu, amsa madanni. Fim kallo ake yi, gem kuwa da hannu ake tuƙa shi. A wasan da ke gudu da firem (wato hoto) 60 a daƙiƙa, naushin farko na Tekken yana sauka a firem na 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ɗan dambe na gaske da zai kai naushi mai ƙarfi ya fi haka jan jiki, don haka motsin da aka ɗauka daga jikin mutum sai an datse farkonsa kafin ya yi daɗin bugawa. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya zaɓi akasin haka: jarumin yana juyawa da nauyinsa, yana buɗe durowa a tsanake, kuma har yau akwai masu yabon hakan da masu cewa ya cika jan ƙafa. Dole ka san wanne kake so kafin ka kashe ko sidi ɗaya.

Na uku shi ne wanda masu talla ba sa ambata: motsin na wane ne? Yadda dattijo ke naɗe hannun babbar riga ya aza a kafaɗa, yadda yaro ke rusunawa ya gaida malami, zaman tahiyya, yadda yaron mota ke maƙale a ƙofar trotro rabin jikinsa a waje yana kiran "Circle, Circle". Idan wasanka a Zango yake, waɗannan su ne gaskiyar da mai wasa zai gane nan take.

Sai kuɗi, wanda ya haɗa da na aikowa da na kwastam da data da lokacinka, ɗorewa, wato ko abin zai yi maka aiki bayan shekara uku, sauƙin koyo, da haɗarin da ke tattare da kowanne.

Yin motsi da hannu

Ana sa wa jarumi ƙwarangwal, a kafa yadda jikinsa zai kasance a wasu firem, kwamfuta ta cike tsakani, sannan a bi a gyara abin da ta cike. Manhajar Blender, wadda ake wannan aiki da ita, kyauta ce tun 2002, tana da Rigify mai haɗa ƙwarangwal, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa, domin motsa ƙwarangwal ba ya cin ƙarfin inji irin yadda fitar da hoto na ƙarshe ke ci. Akwai kuma Cascadeur, wadda ke taimaka wa mai aiki da lissafin nauyi da faɗuwa, tana da sigar kyauta, kuma ta fi amfani a tsalle da faɗa.

Kuɗin wannan hanya lokaci ne. Tafiya mai sauƙi tsayuwa huɗu ce a kowane taku: dunduniya ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka, ƙafa ɗaya ta wuce ɗaya, jiki ya ɗaga. Wannan ana koyonsa da wuri. Amma tafiyar da za a ce ta wani mutum ce, mai gajiya ko mai taƙama ko mai ciwon gwiwa, tana ɗaukar watanni ana yi ana sharewa. Kuma wasa ba tafiya ɗaya yake buƙata ba: tsayuwa, fara tafiya, gudu, juyawa hagu da dama, tsayawa, tsalle, faɗuwa, tashi, kowanne da mahaɗinsa.

Kada kowa ya ce maka mai yin motsi da hannu daga kansa yake ƙirƙirowa. Jordan Mechner ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa Prince of Persia na 1989 ya ba mutane mamaki. Haka za ka yi. Tsaya a Makola ka kalli 'yar kayaye da babban baho a kai. Kanta ba ya hawa da sauka yadda na mai tafiya hannu rabbana ke yi. Ƙugu da gwiwa ne ke shanye girgizar. Takunta gajere ne, tafin ƙafa na sauka kusan a shimfiɗe. Idan wani ya kira ta daga gefe, ido ne ke fara zuwa, sannan ƙirji da wuya da kaya su juya tare a dunƙule, hannu ɗaya ya tashi ya dafa bakin bahon. Babu taskar motsi ta waje da za ta ba ka wannan, amma mai Blender da ya lura zai iya gina shi.

Wajen ɗorewa babu kamarta: ƙwarewar tana jikinka, ba kamfanin da zai rufe ya tafi da ita. Haɗarinta biyu ne. Motsin mai koyo yakan fito ko a sandare ko yana shawagi ba nauyi, kuma mutum ɗaya da ya ɗauki wasa mai motsi ɗari yakan gaji ya watsar a tsakiya.

Motsin da aka riga aka yi

Mixamo, taskar motsi ta intanet wadda Adobe ta saya a 2015, ita ce ƙofar da kusan kowa ke fara shiga. Ka buɗe asusun Adobe kyauta, ka ɗora jaruminka, ka nuna mata haɓa da wuyan hannu da gwiwar hannu da gwiwa da mara, cikin 'yan mintuna ta sa masa ƙwarangwal. Daga nan ka zaɓa cikin dubban motsi, ka sauke a fayil ɗin FBX. An yarda ka sa su a wasan da za ka sayar, abin da ba a yarda ba shi ne ka sayar da fayilolin su kansu. Masu amfani da injin wasa na Unreal kuma tun 2024 Epic Games ta saki wani samfuri kyauta mai motsi sama da 500, an haɗa shi da dabarar nan da injin ke duba inda jarumi yake da inda kake tura shi, ya zaƙulo firem ɗin da ya fi dacewa daga taska. For Honor na 2017 da The Last of Us Part II na 2020 suna cikin wasannin da suka sa dabarar ta yi suna. Tafiya da gudu da juyawa na wannan samfurin sun fi ƙarfin abin da mai koyo zai yi da hannu, gaskiya ɗaya ce.

Amma kayan gwanjon kasuwar Kantamanto ne: masu kyau, masu arha, an ɗinka su ne don jikin wani. Idan jaruminka gajere ne mai tumbi, hannunsa zai riƙa shiga cikinsa sai ka buɗa kafaɗun. Idan ka nemi naushi za ka samu damben Turawa, hannu biyu a gaban fuska, ana tsalle a kan yatsu. Damben gargajiya ba haka yake ba: hannu ɗaya a ɗaure da zare an ja shi baya, ɗayan a miƙe a buɗe yana karewa yana auna nisa, ƙafafu a ware, nauyi a baya. Sa wa ɗan damben Hausa tsayuwar Mixamo, duk wanda ya taɓa kallon dambe zai yi dariya. Ƙari a kan haka, waɗanda suka daɗe a harkar suna gane motsin Mixamo da kallo ɗaya, saboda wasanni da yawa sun yi amfani da shi. Kuma mai ƙafa biyu kawai take sa wa ƙwarangwal. Ragon layya ko dokin hawan Sallah ba nata ba ne.

Ta fuskar ɗorewa, abin da ka sauke naka ne, shafin kuwa ba naka ba ne. Adobe ta janye Fuse, manhajar ƙera mutane da ke tafiya tare da Mixamo, a 2020. Duk abin da kake buƙata ka sauke shi ka ajiye a wuri biyu.

Kyamarar waya da manhajar da ke fitar da motsi

Wannan ce ta fi jan hankalin matasanmu, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarin gishiri. Ka ɗauki mutum a bidiyo, ka ɗora a shafi irin DeepMotion ko Rokoko Vision ko Move AI, manhajar ta ƙiyasta inda gaɓoɓinsa suke a kowane firem, ta ba ka ƙwarangwal mai motsi. Galibinsu suna barin ka gwada 'yan daƙiƙu kyauta, daga nan sai biyan wata-wata da dala, wanda ke nufin katin banki mai aiki a waje, ba MoMo ba. Tsarin farashin yana yawan canzawa, ka duba shi ranar da za ka biya.

Amfaninta babba ne: ita ce hanya mafi arha ta kawo motsin gida cikin wasa. Kana da 'yan damben Bukom, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey. Kana da masu rawa, da 'yan ƙwallon unguwa, da kawunka da ya iya tafiyar sarauta. Ba sai sun sa komai a jiki ba.

Matsalar ita ce kyamara ɗaya ba ta ganin zurfi, kuma ba ta ganin abin da ya ɓuya. Hannun da ya koma bayan jiki, ƙiyasta shi manhajar za ta yi. Mutum biyu da suka rungumi juna a kokawa sukan rikita ta. Zama a ƙasa, sujada, tsugunno, duk inda gaɓoɓi suka haɗu suka rufe juna, sakamakon yakan fito yana rawa. Ƙafa kan nutse cikin ƙasa ko ta yi sama kaɗan. Saurin naushi a ɗaki mai duhu yana zama dishi-dishi a bidiyo, manhajar ta rasa hannun gaba ɗaya.

Sai tufafi, wanda mu ya fi shafa. Manhajar gwiwa take nema da gwiwar hannu. Mai jallabiya ko babbar riga ko dogon hijabi ya ɓoye mata duka. Mai rawar takai da fugunsa ke buɗewa yana juyi, abin da ya sa rawar ta yi kyau shi ne abin da zai makantar da ita. Dabarar ita ce a ɗauka sau biyu: sau ɗaya da kayan gaske don ka ga yadda hannu ke kama riga da yadda ƙyallen ke bin jiki, sau ɗaya da matsattsun kaya masu launin da ya bambanta da bango, wanda shi za ka ɗora. Ita rigar kanta babu hanya a cikin biyar ɗin nan da ke ɗaukar motsinta. Ko ka sa mata ƙarin ƙasusuwa, ko ka bar injin ya lissafa kaɗawarta, wanda ke cin ƙarfin waya.

Don samun sakamako mai kyau, waya ta tsaya cak a kan ƙafarta, a daidai tsayin ƙugu, jikin mutum duka a ciki har tafin ƙafa, a sa firem 60 idan wayar na yi. Hasken safe a tsakar gida ya fi kwan lantarki na ɗaki. Mai yin motsin ya fara da tsayuwa hannu a buɗe na ɗan lokaci. Duk da haka, ka sa a ranka cewa abin da zai fito ɗanye ne. Kulle ƙafa a ƙasa, share rawar gaɓoɓi, gyara yatsu, datse farko da ƙarshe don su haɗu, duk a Blender za a yi su, da hannu.

Haɗari na ƙarshe ba na fasaha ba ne. Bidiyon ɗan'uwanka ko ƙanwarka kake ɗorawa a kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, kuma ko ba doka, mutunci ya ce ka faɗa wa mutum inda hotonsa zai je da abin da za a yi da motsinsa, ka biya shi, ku rubuta a takarda. A Amurka masu yi wa wasannin bidiyo murya da motsi sun shiga yajin aiki a Yulin 2024, suka yi kusan shekara, kuma amfani da muryarsu da motsinsu ta hanyar AI shi ne kan gaba a rigimar.

Riga mai na'urori

Nan ana ɗaura wa mutum ƙananan na'urori a gaɓoɓi, kowace tana jin juyawa da sauri, su aika wa kwamfuta kai tsaye. Xsens ta Holan, mai na'urori 17, ita kamfanin EA ya sa wa 'yan ƙwallo 22 suka buga wasa na gaske don FIFA 22. Smartsuit ta kamfanin Rokoko na Denmak ta fi ta arha, duk da haka kuɗinta ba kaɗan ba ne, safar hannu kuma daban ake sayenta. Mocopi ta Sony na'urori shida ce kacal, an fara sayar da ita a Amurka a 2023 kan dala 449, kuma ingancinta daidai kuɗinta: ta isa motsi mai sauƙi, ba ta isa faɗa ba. A kan kowanne ka ƙara kuɗin aikowa da na kwastam, sannan ka duba ko manhajar tana da nata kuɗin shekara.

Ribarta a fili take. Ba ruwanta da haske ko abin da ya ɓuya, za ka iya sa babbar riga a kanta, kana ganin motsin a allo lokacin da ake yi, ka ce a sake nan take. Mai buƙatar motsi mai yawa, musamman don dabarar zaƙulowa daga taska, a nan zai tara shi da sauri.

Aibinta kuma a Accra ya fi fitowa. Yawancin irin waɗannan na'urori suna dogara da maganaɗisun ƙasa don sanin alkibla, ƙarfe kuwa yana ruɗa su. Shagon kwantena, bene mai rodi a cikin kankare, janareta a bakin ƙofa, manyan lasifikoki: a irin wuraren nan za ka ga ƙafar jarumi ta fara karkacewa a hankali alhali mai rigar yana tsaye daidai. Masu tsada sun fi jure wannan. Fili a buɗe, irin filin makaranta ranar Asabar, ya fi ɗaki. Rigar ba ta san ainihin inda mutum yake a fili ba, lissafawa take, don haka tafa hannu ko musabaha tsakanin mutum biyu sai an gyara. Ga zafi: matsattsiyar riga a watan Maris, ɗan dambe zai jiƙe ta cikin ɗan lokaci, dole a riƙa cire na'urorin ana wanke ta. Waya ɗaya ta tsinke a ciki, ba aikin masu gyaran wayar hannu na Tip Toe Lane ba ne. Sai an aiko da wata daga waje, aiki ya tsaya.

Ɗakin kyamarori

Vicon da OptiTrack su ne sunayen da za ka ji. Kyamarori da yawa a kewaye, ƙananan ƙwallaye masu mayar da haske a jikin mutum, daidaito har zuwa milimita. Mutum biyu, takobi, kujera, duk ana ɗauka tare. Kafa irin wannan ɗaki dubun dubatar daloli ne, ga wutar da ba ta yankewa, ga ma'aikacin da ya iya. Ƙaramin kamfani haya yake yi na yini, bayan ya rubuta jerin duk motsin da yake so ya kuma yi atisaye. Idan ba wani ne ya ɗauki nauyin aikinka ba, wuce nan.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hannu a Blender | Kyauta, sai lokaci mai yawa | Mafi ɗorewa | Mai wuyar koyo | Motsi a sandare, gajiya |
| Mixamo da makamantanta | Kyauta ko kaɗan | Abin da ka sauke kawai | Mafi sauƙi | Motsin baƙi, kowa na da shi |
| Bidiyon waya | Data da biyan wata-wata | Ya dogara da kamfanin | Ɗauka da sauƙi, gyara da wuya | Zamewar ƙafa, manyan kaya, sirrin bidiyo |
| Riga mai na'urori | Ɗaruruwa zuwa dubban daloli, da kwastam | Tana lalacewa, gyara daga waje | Matsakaici | Ƙarfe, zafi, tsinkewar waya |
| Ɗakin kyamarori | Mafi tsada | Fayilolin naka ne | Sai ƙwararru | Kuɗi su ƙare kafin wasa ya ƙare |

Fuska daban take

Duk abin da ke sama jiki ne. Fuska tana da nata hanyar, kuma a nan ne kusantar gaskiya ke iya zama illa. Masahiro Mori na Japan ya lura tun 1970 cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba ya fi zanen barkwanci tayar da hankali. Mass Effect: Andromeda ya sha ba'a a 2017 saboda idanu da bakin mutanensa. L.A. Noire na 2011 ya kewaye fuskar 'yan wasa da kyamara 32, fuskokin suka fito da rai, amma da yake daban aka ɗauki jiki, wani lokaci sai ka ga kai da gangar jiki ba su jitu ba.

Yau iPhone mai Face ID (na'urar gane fuska), daga iPhone X na 2017 zuwa sama, tana ɗaukar motsin fuska ta manhajar Live Link Face zuwa Unreal, kuma MetaHuman Animator da ya fito a 2023 yana ƙara inganci idan kwamfutarka na da ƙarfi. Mai sayen ta hannu a Circle ya gwada Face ID a gaban mai shagon, domin a wayar da aka taɓa kwancewa don gyara, sau da yawa shi ne abin da ke mutuwa. Idan jarumin zai yi magana da Hausa, ka bi da hannu ka tabbatar leɓɓa sun haɗu a kan b da ɓ da m; mai kallo yana yafe abubuwa da yawa amma ba ya yafe "Malam" da baki a buɗe. Ido kuma kada ya kafe. Yaron da ke magana da mahaifinsa ƙasa yake kallo, yana ɗagowa jefi-jefi, kuma wannan kaɗai ya fi ƙarin ramukan fata dubu gaya wa mai wasa waye babba a wurin.

Wa ya dace da wanne

Idan wasan waya kake yi, wanda shi ne abin da yawancin mutanenmu za su iya bugawa, jarumin bai fi tsawon yatsa ba a allo. Ƙananan motsin da riga mai tsada ke kamawa ba za a gan su ba. Yi da hannu, ka ƙara wa motsin gishiri don ya fito, ka rage ƙasusuwa. Cuphead na 2017 da hannu aka zana shi, ba wanda ya ce motsinsa bai gamsar ba.

Ɗalibin da ke da aikin kammala karatu, ko mai son nuna samfuri ga wanda zai zuba kuɗi nan da wata ɗaya: Mixamo, ko samfurin Unreal, ba kunya a ciki. Ka daidaita saurin tafiya da taku, ka gyara kafaɗu, ka yi motsi biyu ko uku na gida da hannu don a san inda wasan ya fito.

Mai labarin Zango, inda gaisuwa da zama da ciniki suka fi gudu da harbi yawa, ya haɗa uku: tafiya da gudu daga taska, motsin gida daga bidiyon waya, gyara a Blender. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan masu karanta wannan, da sharaɗin cewa a cikinku akwai wanda ya zauna ya koyi gyaran. Idan babu, kuɗin wata-watan asara ne.

Mai wasan dambe ko kokawa ya ɗauki 'yan wasa na gaske a bidiyo daga gaba da gefe, amma ya ɗauke shi a matsayin abin kallo, ya gina naushin da hannu ko da Cascadeur, saboda firem ɗin da naushi ke sauka shi ne wasan.

Riga kuwa ta ƙungiyar da ta riga ta sami aiki ce: mutum huɗu ko biyar, kwangilar talla ko zane mai motsi ko wasa mai tsawo, motsi na mintuna da yawa duk wata. Su ma kafin su biya su nemi wurin da za su riƙa ɗauka, su zagaya shi da kamfas ɗin waya su ga ko allurar na rawa, su tambayi mai sayarwa nawa ne kuɗin na'ura ɗaya idan ta mutu da kwana nawa take yi kafin ta iso filin jirgin Accra. Idan kuɗin bai kai ba, ƙungiyoyi biyu ko uku su haɗa su sayi ɗaya, su rubuta wanda zai ajiye ta da wanda zai biya idan ta lalace.